Dusa a turkar raguna da shanu: abin da take yi wa nama da kitse a Damargu

Duk wanda ya shiga kasuwar Bakin Birji, ko ta Tanut, ko ta Balbeji, wata biyu ko uku kafin sallar layya, zai tarar da ciniki iri biyu kusa da juna: ga masu sayen ramammun raguna don turka, ga masu sayar da dusa buhu-buhu. Turka, wato ɗaure rago ko sa a gida a ciyar da shi har ya yi ƙiba, tana cikin manyan hanyoyin samun kuɗi na mutanen Damargu, musamman mata. Sai dai da yawa suna ɗaukar dusa abu guda ce, kuma gwargwadon yawanta gwargwadon kyan rago. Ba haka ba ne. Irin dusar da aka ba dabba, da yawanta, da abin da aka haɗa ta da shi, da yadda aka ajiye ta, duka suna bayyana a nama ranar yanka. Ga bayani dalla-dalla.

Dalilin da ya sa Damargu ta dogara da dusa

Damargu ta ƙunshi gundumomin Tanut da Balbeji a arewacin jihar Damagaram. Balbeji ta zama gunduma mai cin gashin kanta a shekarar 2011, kafin nan tana ƙarƙashin Tanut. Garin Tanut yana da nisan kilomita wajen 150 daga birnin Damagaram, kan hanyar Agadas. A da ana kiran yankin rumbun hatsi, domin daga nan ayarin Abzinawa ke ɗaukar hatsi zuwa arewa. Amma ƙasa ce ta kan iyaka: nan gonaki ke ƙarewa, nan filin kiwo ke farawa, kuma dokar watan Mayun 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa ta ratsa wannan yanki. Ruwan sama a yawancin shekaru bai wuce milimita 200 zuwa 350 ba, cikin wata uku.

Ma'anar wannan ga mai kiwo ita ce ciyawa ɗanya ta wata uku ce, sauran wata tara kuwa sai busasshiya. Busasshiyar ciyawa da karan hatsi suna cika ciki, amma sinadarin gina jiki, wato furotin, da ke cikinsu bai wuce kashi 3 zuwa 5 cikin 100 ba. Dabba ba ta ƙiba da wannan. Da ƙyar take riƙe nauyinta. Farin 1973 zuwa 1974, da na 1984, da ƙarancin cimaka na 2005 da 2010, sun koya wa makiyaya cewa wanda bai tanadi cimakar bisashe ba zai sayar da su a farashin wulaƙanci ko ya zuba ido su mutu. Tun daga nan dusa ta tashi daga abin da ake zubar wa kaji a tsakar gida ta koma haja mai tsada.

Ire-iren dusa da ragowar amfanin gona

Dusa ita ce fatar ƙwayar hatsi da ke fita lokacin surfe, a turmi ko a inji. Wadda ake samu a Damargu kashi huɗu ce.

Dusar hatsi, wato gero, ita ce ta gida. Tana fitowa daga surfen fura da tuwo, kuma mata kan haɗa ta da ƙasari su ba tumaki. Furotin ɗinta yakan kai kashi 12 zuwa 14 cikin 100, tana da ɗan mai, bisashe na son ta. Dusar dawa tana biye da ita, sai dai jar dawa tana da ɗan bauri da ke rage amfanin furotin a cikin dabba.

Dusar masara baƙuwa ce, domin masara ba ta yi sosai a rairayin Damargu. Tana zuwa ne a mota daga Najeriya ta hanyoyin Magarya da Matamai, ko kuma daga injinan da ke surfa masarar da aka shigo da ita daga Najeriya da Benin. Furotin ɗinta kaɗan ne, kashi 10 zuwa 11 cikin 100, amma ta fi sauran sa ƙiba, saboda yawanci tana ɗauke da tsakin masara da kuma idon ƙwayar, inda mai yake. Idan idon ya yi yawa, man da ke cikinta na iya kusantar kashi 10 cikin 100.

Dusar alkama tana fitowa daga manyan kamfanonin fulawa. Ita ce ta fi furotin, kashi 15 zuwa 17 cikin 100, kuma ita aka fi rabawa ko sayarwa da rangwame ta bankunan cimakar bisashe a shekarun fari.

Bayan dusa akwai harawar wake da ta gyaɗa, masu furotin kashi 12 zuwa 15 cikin 100 idan ganyen bai zube ba. Akwai kowar wake. Akwai ƴaƴan gawo. Akwai tunkuza, mai furotin sama da kashi 40 cikin 100. Akwai anguriya da abin da ya rage bayan an tatse manta. Totuwar masara da bawonta su ma ana ci idan an daddatsa, amma matsayinsu ɗaya da kara: cikon ciki ne kawai.

Tunda dusar masara da ta alkama daga waje suke zuwa, farashinsu yana bin halin da iyaka ke ciki. Rufe iyakar da Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, duka sun taɓa zirga-zirgar kaya tsakanin Kano da Damagaram. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa mai turka ya san yadda zai musanya wata dusa da wata ba tare da ya cuci dabbarsa ba.

Darasi daga ƙasashen masara

Tambayar yadda ragowar masara ke shafar nama an fi bincikarta a Amurka, ƙasar da ta fi kowace noma masara a duniya. Daga wajen shekarar 2005 aka shiga juya masara mai yawa zuwa etanol, man da ake gaurayawa da fetur. Kamfanin etanol sitaci kawai yake ci, sai ya bar kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin ƙwayar. Wannan ragowa, da aka sani da DDGS, a lokacin tana da furotin wajen kashi 27 zuwa 30 cikin 100 da mai wajen kashi 10, kuma ta fi masara araha. Masu kiwon shanu da kaji da aladu suka rungume ta.

A wajen aladu ne matsalar ta fara fitowa fili. Mahautan can sun lura cewa idan ragowar ta wuce kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na abincin, kitsen yakan yi laushi, ya ƙi daskarewa, ya yi wuyar yankawa, kuma ya yi saurin canza wari. Dalili shi ne man masara mai ne mai ruwa-ruwa, kuma dabba mai ciki ɗaya irin man da ta ci shi take ajiyewa a jikinta kusan yadda yake. Maganin da suka samu shi ne rage ragowar, ko janye ta mako uku zuwa huɗu kafin yanka.

Kiwon alade ba sana'ar Damargu ba ce, amma darasin ya shafi kaji da zabi kai tsaye, don su ma ciki ɗaya gare su. Shi ya sa kazar da ta ci masara mai launin rawaya fatarta da gwaiduwar ƙwanta kan yi rawaya, kitsenta kuma ya yi laushi.

Rago da sa da akuya da raƙumi kuwa masu tuƙa ne. A cikin tumbinsu akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda ke narkar da ciyawa, kuma suna mayar da yawancin mai mai ruwa-ruwa ya zama mai daskarewa kafin ya shiga jini. Saboda haka kitsen rago ba ya saurin laushi don ya ci dusar masara. Amma wannan kariya tana da iyaka. Idan mai ya wuce kashi 6 zuwa 7 cikin 100 na abincin gaba ɗaya, yakan hana waɗannan halittu aikinsu, dabba ta rage cin ciyawa. Haka nan idan aka cika wa rago hatsi da dusa aka hana shi harawa, kitsen ƙarƙashin fatarsa kan fito da laushi da maiƙo.

Abin da ake gani a nama

Na farko shi ne inda kitse ke taruwa. Jikin dabba yana da tsari: kitse yakan fara taruwa a ciki, wajen ƙoda da hanji, sannan tsakanin tsoka da tsoka, sannan ƙarƙashin fata, a ƙarshe ya shiga cikin tsokar kanta. Wannan na ƙarshen shi ke sa nama taushi da daɗi a wajen gashi. Ragon da ya gama girma, idan aka ɗura masa dusar masara babu isasshen furotin, kitsen ciki zai tara, ba tsoka ba. Mai saye zai ga ƙaton rago, ranar yanka ya tarar da tulin kitse. Ragon da bai wuce shekara ɗaya da rabi ba shi ya fi mayar da abinci tsoka, muddin ya sami harawa ko tunkuza.

Na biyu shi ne launi. Shanun da suka fito daga kiwon damina kitsensu yakan yi rawaya saboda sinadarin da ke cikin ɗanyar ciyawa. Bayan wata biyu ko uku a turke yana komawa fari. Wannan rawaya ba cuta ba ce. Rawayar da ake tsoro ita ce wadda ta game ido da dasashi da jijiyoyi, domin ita alamar ciwon hanta ce, kuma likitan dabbobi ne ya kamata ya duba irin wannan nama.

Na uku shi ne jimawar nama. A Nijar al'ada ce a baje ragon layya a kan sanduna a gasa shi kewaye da wuta ranar salla, washegari a raba, sauran a soya shi cikin kitsensa a ajiye na watanni. Kitse mai tauri shi ke riƙe irin wannan suya. Mai laushi yana saurin canza wari a zafin bazara. Masu kilishi kuwa jan nama zalla suke nema, shi ya sa san da ya cika kitse ba ya yi musu riba. Mai tsire da mai balangu su ke son a sami ɗan kitse a jikin tsoka. Kafin a fara turka, yana da kyau a san wa za a sayar wa.

Na huɗu shi ne yawan naman. Ragon da aka turka da kyau, bayan an cire fata da kai da ƙafafu da kayan ciki, yakan ba da kashi 45 zuwa 50 cikin 100 na nauyinsa. Ramamme ba ya kai haka.

Ya kamata a sani kuma cewa abinci ba shi kaɗai ke yin nama ba. Dabbar da aka kora tafiya mai nisa, ko aka cusa a mota kwana da kwanaki babu ruwa, ta riga ta ƙone sukarin da ke cikin tsokarta. In aka yanka ta nan take naman zai yi duhu, ya yi tauri, ya yi saurin lalacewa. Hutun kwana ɗaya ko biyu da isasshen ruwa yana gyara wannan.

Haɗurra huɗu

Tsamin tumbi. Ragon da ya saba da busasshiyar ciyawar daji, in aka zuba masa tiyar dusar masara ko tsaki rana ɗaya, tumbinsa zai yi tsami. Alamominsa su ne ƙin cin abinci, zawo, kumburin ciki, ɗingishi, wani lokaci mutuwa cikin kwana biyu. Wanda ya tsira ma hantarsa kan yi ƙuraje. Ƙa'ida ita ce a fara da tafin hannu ɗaya, a riƙa ƙarawa a hankali har mako biyu, kuma kullum a ba da harawa ko ciyawa kafin dusa.

Tsakuwar mafitsara. Kowace irin dusa tana da fosfor mai yawa da kalsiyom kaɗan, alhali jikin dabba yana bukatar kalsiyom ya ninka fosfor sau biyu. In aka juya wannan ma'auni, tsakuwa kan taru ta toshe hanyar fitsari, wadda a jikin rago doguwa ce kuma siririya. Sai a ga rago yana yunƙuri, yana kuka, yana dukan cikinsa da ƙafa, fitsari na ɗiga ko ya tsaya cak. Da yawa daga ragunan da ake yankawa da gaggawa ana saura kwana kaɗan salla wannan ne ya kama su. Harawar wake da ta gyaɗa suna da kalsiyom, saboda haka su ne rigakafi na farko; ɗan gishiri yana sa dabba shan ruwa, kuma a lokacin zafi rago yana bukatar lita 4 zuwa 8 a rana. Kanwa tana taimakawa wajen rage tsamin tumbi, amma yawanta ga ragon da ke cin dusa yana ƙara haɗarin tsakuwa, don haka ɗan kaɗan ake sawa.

Fumfuna. Masara da gyaɗa su ne suka fi kamuwa da fumfunar da ke haifar da gubar aflatoksin, kuma gubar ta fi taruwa a fatar ƙwaya da tsaki, wato daidai abin da ke zama dusa. An gano wannan guba ne bayan talo-talo wajen 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda tunkuza mai fumfuna. A Kenya a 2004 mutum 125 suka mutu bayan cin gurɓatacciyar masara. A jikin dabba tana lalata hanta, tana hana ƙiba. Kaɗan take saura a tsoka, amma tana shiga hanta, kuma tana fita ta nono. Saniya ko akuyar da yara ke shan nononta bai kamata ta ci dusar da ta dunƙule, ko ta yi ɗumi a cikin buhu, ko take warin ruma ba. Dafuwa ba ta kashe wannan guba. Damargu busasshiyar ƙasa ce, amma dusar da ta taso daga kudu ta riga ta sha laima a hanya, kuma a ƴan shekarun nan sallar layya ta matso bakin damina.

Algus. Idan dusa ta yi tsada, wasu kan gauraya ta da rairayi, ko niƙaƙƙen ɓuntun shinkafa, ko ɓawon gyaɗa. Gwajin mai sauƙi ne: a zuba tafi ɗaya a kwanon ruwa a motsa, rairayi zai kwanta a ƙasa. Araha ba ta ado.

Baya ga waɗannan, anguriya tana da wani sinadari mai suna gosifol da ke cutar da ƴan raguna da maruƙa, yana kuma rage ƙarfin ragon barbara. Manyan dabbobin turka kawai ake ba ta, ita ma da awo.

Misalin awo

Mai tuƙa yana cin busasshen abinci kimanin kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na nauyinsa a rana. A ɗauki rago Uda ko Balami mai kilo 35. Abincinsa na rana zai kama kilo 1.2. Ana iya raba shi haka: giram 350 na harawa, giram 350 na daddatsen kara ko ciyawa, giram 400 na dusa, giram 100 na tunkuza, da ɗan gishiri. Idan dusar ta masara ce, tunkuza ta zama dole. Idan ta alkama ce, ana iya rage ta. Gaurayen dusar masara da ta hatsi ya fi kowacce ita kaɗai. Babbar ƙa'ida: kada abin tuƙa ya gaza rabin abincin.

Da irin wannan ciyarwa rago mai lafiya yakan ƙara giram 100 zuwa 200 a rana. In ya ƙara giram 150, cikin kwana 90 ya ƙara kilo 13.5, ya cinye kilo 36 na dusa da kilo 9 na tunkuza. Da wannan lissafi kowa zai iya auna farashin ranar ya ga ko akwai riba. Bayan wata uku ƙarin nauyi yana raguwa, abin da ke ƙaruwa kuma kitse ne, alhali kuɗin dusa bai ragu ba. Gwaje-gwajen da cibiyoyin ILRI da ICRISAT suka yi a Sadore, kusa da Yamai, kan raguna da dusar hatsi da harawar gyaɗa sun nuna amfanin haɗa su biyun, kuma sun nuna cewa awon da ya fi sa ƙiba ba lallai shi ne ya fi kawo riba ba.

Ana iya ƙara wa kara daraja ta hanyar daddatsa shi, ko jiƙa shi da takin ure, kilo 4 zuwa 5 da aka narkar cikin ruwa ga kilo 100 na kara, a rufe shi ruf mako biyu zuwa uku, a shanya kafin a bayar. Wannan aiki ne da ya kamata a fara yi tare da ma'aikacin kiwo, domin ure da dabba ta ci kai tsaye guba ce. Cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, ta kuma fito da dunƙulen cimaka da ake haɗawa da niƙaƙƙen kara, harawa, dusa, ƴaƴan gawo da gishiri.

Kafin turka da kafin yanka

Ragon da ke da tsutsar ciki, dusar da ya ci rabinta na tsutsa ne. Saboda haka a fara da maganin tsutsa da allurar rigakafi a ofishin kiwo na Tanut ko na Balbeji, ko wajen likitan dabbobi mai lasisi. A sayi harawa da kara tun da kaka, lokacin da suke da araha, a ajiye su a inuwa, a ɗora buhunan dusa kan itace nesa da ƙasa da bango. Ba a fafe gora ranar tafiya. A tsare rago daga leda, domin ledar da ta taru a tumbi tana hana ƙiba komai yawan abinci.

Kowane maganin dabba yana da wa'adin da ake jira kafin a yanka ko a sha nono, kuma an rubuta shi a jikin kwalba. Na wasu allurai yakan kai mako uku zuwa huɗu. Wanda ya yi wa rago allura ana gobe kasuwa don ya yi kyan gani, iyalin mai saye ya ba maganin.

Mai saye shi ma yana da abin dubawa. Girman ciki ba ƙiba ba ne, domin ruwa da kanwa ma suna kumbura ciki. A dafa gadon baya da ƙugu da gindin wutsiya: in ana jin ƙashi da kaifi, rago bai yi ba, in ba a jin ƙashi sam, kitse ya yi yawa. A duba ido da dasashi, a ga yadda yake tafiya, a tabbatar yana tuƙa kuma yana fitsari ba tare da wahala ba. Sannan a tambayi mai shi abin da yake ba shi, a ci gaba da ba shi irinsa har ranar yanka, domin canjin abinci na farat ɗaya a kwanakin ƙarshe yana iya ɓata aikin wata uku.